Yadda zaka tare e4 da Caro-Kann a wasan chess in kana riƙe da baƙi

Toh in fari ya turo sojan gaban sarki zuwa e4 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allo, in ka ga gida kaɗai to soja aka tura can), kai kawai ka amsa da c6, in ya ƙara d4 sai ka buga d5. Tsarin buɗe wasa na Caro-Kann kenan, Karpov tsohon zakaran chess na duniya ya daɗe yana cin mutane da ita.

Abinda yasa nake sonta wallahi bishof ɗinka na c8 ne, a French (wani tsarin buɗe wasan na baƙi) sojanka na e6 ke toshe shi tun farko, anan kuwa fitowa yake abinsa. Misali fari ya tura e5, maza ka kai bishof f5 tukunna sannan ka buga e6, kar ka juya tsarin nan don in ka fara da e6 ka kulle shi da hannunka. Daga baya sai ka daki tsakiya da c5, sojan d4 ne abin harinka.

In kuma maimakon e5 dokin fari ya fito c3, ka ci e4 da sojan d5, dokin ya rama, ka kore shi da bishof a f5. Zai koma g3, ka ja baya g6, amma in kaga h4 to buga h6 nan take, in ba haka ba h5 zata rutsa maka bishof.