Alƙalami mai shan tawada: yadda za ka fara, da yadda zai jure zafin Yamai

Wanda ya yi karatun allo ya riga ya san rabin wannan sana'a: a fiƙe kara, a tsaga bakinsa, a tsoma a tawada. Alƙalami mai shan tawada, wanda a lekol ake ce wa sitilo mai pulim, haka yake aiki, sai dai shi tawadarsa tana cikinsa. Tana saukowa da kanta ta tsagar baki da zarar ya taɓa takarda, shi ya sa ba a danna shi kamar bik, kuma hannu ba ya saurin gajiya. Amma yana da sharaɗi, kuma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, sharaɗin ya fi tsanani.

Ka fara sanin sassansa. Akwai baki na ƙarfe mai tsaga a tsakiya, wadda ta raba shi haƙora biyu, da ɗan ƙwallo mai tauri a ƙarshe. A ƙarƙashin bakin akwai baƙar roba mai zara-zaran tsagogi, ita ce magudana. Aikinta biyu ne: ta saukar da tawada, ta kuma shigar da iska ta maye gurbin tawadar da ta fita. Irin wannan magudana ce ta fito da sunan Lewis Waterman a birnin New York a 1884, kuma kusan duk wata matsala da za ka gamu da ita daga magudana take tasowa. Sai wuya, inda yatsu ke kamawa, da gangar jiki, da murfi. A cikin gangar ake sa kartush, wato ɗan bututun roba mai tawada, ko kuma ɗan famfo mai murɗawa da ke zuƙo tawada daga kwalba.

Wajen saye, tambayar farko ba ta kyau ba ce, ta kartush ce. Kamfanonin alƙalami irin Lamy da Parker da Pilot da Platinum kowannensu yana da nasa kartush da ba ya shiga na wani. In ka sayi Lamy Safari, alƙalamin Jamus mai ƙarko da ake yi tun 1980, sannan kartush ɗinsa ya yanke a gari, ka zauna ke nan sai wani ya taho maka da shi daga waje. Saboda haka mai farawa a Yamai ko Tawa ya nemi wanda ke cin kartush na gama-gari, gajere mai tsawon milimita 38, irin wanda alƙaluman ƴan lekol na Faransa ke ci. Schneider da Kaweco da ƙananan Pelikan duk suna karɓarsa, haka ma yawancin Jinhao na Sin, waɗanda galibi suke zuwa da famfonsu. Ka duba kantunan littattafai da masu kayan lekol na Babbar Kasuwa, musamman gab da komawa makaranta a watan Oktoba, lokacin da kaya suka fi yawa. Kada alƙalaminka na farko ya zama mai bakin zinariya. Bakin ƙarfe na rubutu lafiya lau, kuma a kansa ya kamata ka yi kurakuranka.

Kafin ka biya, ka buɗe murfin ka rufe sau uku ko huɗu. Ya kama gam, ba ya girgiɗi. A ƙasarmu murfi ya fi ado muhimmanci nesa ba kusa ba, domin murfin da ke shan iska yana busar da baki cikin kwana biyu a lokacin hunturu. Sannan ka ɗauki hoton bakin da wayarka ka faɗaɗa shi: haƙoran biyu su zama daidai, kada ɗaya ya ɗara ɗaya.

A jikin baki za ka ga EF, F, M ko B, daga siriri zuwa mai kauri. Ɗauki F. Dalili shi ne takarda: yawancin kaye masu araha ba su da kauri, kuma M na zubar da tawadar da ta fi ƙarfinsu. Ka sani F na Japan ya fi F na Turai sirantaka, kusan da mataki ɗaya. Mai rubutun ajami ko Larabci kuwa, tun da daga dama yake tafiya zuwa hagu yana tura bakin ne, gara ya ɗauki M mai santsi, don siririn baki yana karce takarda in ana tura shi.

Yanzu tawada, inda aka fi kashe alƙaluma. Tawadar allo ba ta shiga wannan alƙalami ko ɗigo ɗaya. Da zuge ko gawayi da ƙaro ake haɗa ta. Ƙaron nan da ke manna ta a allo shi zai daskare a cikin magudana ya toshe siraran tsagoginta. Tawadar zane ta Sin, da ta hatimi, da ta injin buga takarda, duk hukuncinsu ɗaya. Sai wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ta alƙalami mai pulim ce: Parker Quink, Waterman, Pelikan 4001, Herbin. Ka fara da shuɗiya, ita ta fi sauƙin wankewa kuma ba ta cika toshewa ba. Amma ga abin lura ga ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis: shuɗiyar nan ta ƴan lekol ana goge ta da alƙalamin gogewa, ruwa ma yana wanke ta. Ba ta dace da littafin bashi ko sa hannu a takardar ciniki ba. Don wannan ka nemi shuɗi-baƙi na Pelikan 4001, wanda yake kama takarda ya zauna, sai dai yana son a riƙa wanke alƙalamin a kai a kai.

Kwalba ta fi kartush riba. Gajeren kartush bai kai mililita ɗaya ba, kwalba mai mililita 50 kuwa za ta cika shi fiye da sau 60. In ba ka da famfo, kada ka yar da kartush ɗin da ya ƙare: sayi sirinji a farmasi, ka dakushe tsinin allurar a kan dutse, ka ɗauraye kartush ɗin, ka cika shi daga kwalba. Bayan cikawa biyar ko shida bakinsa yana saki ya fara yoyo, sai ka canza wani.

Sabon alƙalami a fara wanke shi kafin ya sha tawada, domin yakan zo da ɗan maiƙon masana'anta da ke hana ta gudu. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanoni a kofi guda na ruwa ya isa. Ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe. Sannan ka kwance gangar, ka tura kartush da siririn bakinsa har ka ji ya fashe, ka tsayar da alƙalamin baki ƙasa minti biyu zuwa biyar. In da famfo ne, ka nutsar da bakin gaba ɗaya har tawada ta taɓa wuya, in ba haka ba iska za ka zuƙo. Murɗa a hankali, ka mayar da ɗigo biyu cikin kwalba, ka share wuyan da tsumma.

Riƙo ba wuya. Fuskar bakin mai rubutu tana kallon sama, alƙalamin a kishingiɗe kamar digiri 45, ba a tsaye irin na bik ba. Kada ka juya shi a hannu, kada ka danna. Nauyinsa kawai ya isa. Dannawa na buɗe haƙoran, in kuma suka buɗe tawada ba ta iya kaiwa ƙarshe. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a ba da aronsa ga wanda ya saba da bik. Ka ajiye bik a aljihu don masu cewa ara mini.

Takarda kuwa, ka duba nauyinta a bangon kaye. Mai giram 90, irin Clairefontaine ko Oxford, ita ce ta fi: layi na fita tsaf, ba ya ɓullowa ta baya. Takardar fotokopi mai giram 80 wata ta yi, wata ba ta yi ba, sai an gwada. In ka ga rubutu na yin gashi-gashi yana bazuwa, laifin takarda ne, ba na alƙalami ba. Lokacin zafi ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka, don gumi da maiƙon fata suna sa tawada ta riƙa tsallake wuri.

Zafi na da wata illar da ta fi wannan. A cikin kartush akwai iska a saman tawada, kuma iska na kumbura in ta ji zafi. Kartush da ya kusa ƙarewa iska ce ta fi yawa a ciki, sai ta turo tawada waje, ka buɗe murfi ka tarar ya cika, ko ɗigo ya faɗo tsakiyar shafi. Maganinsa uku: kada ka bar shi ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku a bazara, ka riƙa ɗaukarsa baki sama, kuma kada ka taɓa barinsa cikin mota a rana ko bakin taga. In ka fito daga ofis mai na'urar sanyi zuwa waje, ka ba shi minti kaɗan baki sama kafin ka rubuta. A kan moto ko kabu-kabu, aljihun gaban riga ya fi jaka, inda zai kwanta yana shan girgiza. Farar shadda kuwa, a ranar Juma'a ko ta biki, ka sa shi cikin ɗan kube tukuna.

Hunturu nasa daban ne. Iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, baki a buɗe yana iya ƙafewa kafin ka gama tunanin jimla ta gaba. Ka saba da rufe shi duk lokacin da ka dakata. In ya ƙi tashi, ka taɓa bakin a ɗigon ruwa, kada ka buga shi a tebur, kada ka yarfa shi. Kwalbar tawada a rufe ta nan take, a ajiye a inuwa cikin akwati. Ƙurar da ta shiga kwalba a magudana za ta ƙare.

Wanki duk wata ɗaya, da duk lokacin da za ka canza launi. Cire kartush, ka zuba ruwa ta wuyan har ya fito fari ta baki. Ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, don zafi na lanƙwasa magudana. In ruwan famfo ya yi jaa-jaa da damina, yi amfani da na kwalba. Ba a sa alkol, ba a sa ruwan jabel, ba a sa kananzir: suna cin roba su fasa ta. In tawada ta daɗe da bushewa a ciki, jiƙa wuyan da bakin a kofin ruwa ya kwana, ka canza ruwan da safe, ka maimaita har ya daina fitar da launi. Daga nan ka tsayar da shi baki ƙasa a kan tsumma mai tsabta ya yini.

In bayan wanki yana karce ta gefe ɗaya kawai, haƙori ɗaya ne ya sauka. Da farce za ka ɗaga wanda ya yi ƙasa, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa bayan kowace taɓawa. Kada ka goga shi a dutse ko takardar yashi, don abin da ka cinye daga ƙwallon nan ba ya dawowa. In kuma za ka yi tafiya ko za ka ajiye shi fiye da mako biyu, ka juye tawadar, ka wanke, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka rufe murfin.