Fitilun Maulidi: ka haɗa da kanka ko ka siyo haɗaɗɗe?

Duk shekara in Maulidi ya matso sai samarin garinmu su dameni da tambaya, wai a siyo na'urar sarrafa fitilun ado haɗaɗɗiya ko mutum ya haɗa abinsa.

In ƙofar masallaci kawai zaku ƙawata, ku shiga Sabon Gari a Kano ku siyo mai rimot ku jona, shikenan. Matsalarsa dai salon walƙiyar da aka sa masa shi zai ta yi, in ya ƙone kuma sai bola.

Amma in layi guda zaku ja, haɗawa yafi. Nemi ɗan allon ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da zata sarrafa fitilun, ka loda masa manhajar sarrafa fitilu mai suna WLED ta hanyar kwamfuta, kyauta ce, sai fitilu WS2811 masu volt 12 da zasu hau batirin sola mai volt 12 kai tsaye tunda mu nan ƙauyukan Ringim wutar NEPA sai ta ga dama. Shi allon volt 5 yake so, sa masa abin rage wuta, ni da gaggawa na bashi 12 wallahi sai hayaƙi. Wayar negatif ta allon da ta fitilun dole a haɗe su, in ba haka ba zakaga fitilu na ta hauka. Duba kibiyar da ke jikin fitilun kafin ka jona wayar data, wato wayar da ke kai umarni daga allon zuwa fitilun, don kibiyar ce ke nuna inda umarnin zai bi, sa fiyus kusa da batir, ka rufe komai cikin roba saboda ruwa da ƙura.

Daga nan a wayarka ta hannu zaka dinga canza kala, kore da fari ko yadda Malam yace.