Yadda Za a Sauya Shirin Haihuwa Domin Lafiyar Uwa da Jariri

Mata da yawa suna fatan haihuwa da kansu ba tare da tiyata ba, kuma fata ne mai kyau muddin an yarda tun farko cewa shirin yana iya canzawa idan lafiya ta buƙaci haka.

A fara da awon ciki. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa, domin a nan ake gano hawan jini da ƙarancin jini da yanayin kwanciyar jariri. Idan awon hawan jini ya kai 140/90, musamman tare da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, a bar maganar haihuwa a gida, saboda jijjiga tana iya biyo baya. Idan kuwa jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, tiyata ce mafita, kuma ba gazawar mace ba ce.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne shirin gida. Ya kamata maigida ya ba da izinin tafiya asibiti tun kafin naƙuda ta kama, a tanadi abin hawa da kuɗi da wanda zai ba da jini. Zubar jini, ko raguwar motsin jariri, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk suna wajabta tafiya nan take, domin doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari.