Darasi na 9: Idan Ruwan Lagireto Ya Yi Kauri a Motar Sifot

Ruwan sanyaya inji, wanda makanikai ke kira kulant, garau yake idan yana da lafiya. Yana da launi, kore ko ruwan hoda ko ruwan lemo ko shuɗi, amma tsinkakke ne, kana iya hango gindin kwalba ta cikinsa. Ranar da ka buɗe tankinsa ka tarar ya koma kamar koko, ko yana yauƙi, to wani abu ya shige shi. Kada ka yi saurin juyewa ka wanke. Wannan ƙazamin ruwan shi ne shaidarka. In ka zubar da shi ba ka karanta shi ba, sabon da za ka zuba ma haka zai koma.

Me ke cikin ruwan?

Rabi sinadari ne mai suna etilin gilaikol, rabi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, sai ɗan maganin hana tsatsa. Wannan haɗin ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 37 ƙasa da sifili, ba ya tafasa sai wajen digiri 107. Murfin lagireto yana riƙe matsi kamar bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), wanda ke ɗaga tafasar zuwa sama da digiri 120. Inji kuwa yana aiki ne tsakanin digiri 90 da 105. Ka ga ratar ba ta da yawa. Da zarar ruwa ya yi kauri, ba ya ratsa siraran bututun lagireto, sai zafi ya hau.

Motar sifot, wato ƙaramar mota mai ƙofa biyu da aka ƙera don gudu, takan shiga wannan matsala. Injinta galibi na aluminiyam ne, ba ya jure zafi fiye da kima, nan da nan top silinda, wato murfin saman inji, ke lanƙwashewa. Yawancinsu suna da na'urar sanyaya baƙin mai da ruwa, inda mai da ruwa ke gudu kafaɗa da kafaɗa, ƙarfe siriri ne kawai tsakaninsu. Kuma mota ce da ake yawan ajiyewa wata da watanni. Ɗauki Porsche Boxster ta shekarun 1996 zuwa 2004: injinta a tsakiya yake, lagiretocinta a gaba, dogayen bututu na bi ta ƙarƙashin mota, ruwan da take sha ya haura lita 15. Wanke irin wannan ba wasa ba ne.

Ɗibar samfur

Inji ya huce tukuna, aƙalla awa uku, in da hali ya kwana. Buɗe murfi a kan inji mai zafi yana watsa tafasasshen ruwa a fuska. Sa tsumma a kan murfin, ka murza a hankali.

Nemi kwalabe biyu masu haske. Da sirinji ko ɗan tiyo, ɗebo rabin kofi daga tankin sama ka zuba a ɗaya. A ɗayar ka taro daga mazubar ƙasan lagireto. Dalilin biyun: mai sama yake tasowa, tsatsa ƙasa take kwanciya. Ajiye su su kwana ba tare da girgizawa ba.

Kafin nan, ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi. Kulant yana narkewa cikin ruwa, mai kuwa zai yi ta yawo a sama. Ɗiga kuma a farar takarda ka bari ta bushe. Idan ta bar tabo mai sheƙi irin na takardar da aka naɗe ƙosai, akwai mai. Kada ka dogara da murzawa da yatsa kawai, domin kulant mai kyau ma yana da ɗan santsi. Ɗanɗanawa kuwa sam, guba ne.

Abin da kwalba ke faɗi

Idan ya yi launin shayi mai madara, da kauri, ga maiƙo a sama, baƙin mai ne ya shiga. Wannan shi ne mafi muni, za mu dawo kansa.

Idan ya yi ruwan hoda mai kauri kamar an dama madara da zoɓo, kuma motar atomatik ce, duba man giya. A motoci da yawa bututun sanyaya man giya a cikin lagireto yake. In ya fashe, man giya mai launin ja ya gauraya da ruwa, ruwa kuma ya shiga giya. Kada a ƙara tuƙa motar, domin ruwa yana ɓalle fatar kulocin cikin giya. Lagireto za a canza, a kuma canza man giya fiye da sau ɗaya.

Idan ja-ja ne kamar ruwan gulbi da damina, ya kwanta a ƙasa kamar laka, saman kuma ya washe, tsatsa ce. Ko dai kulant ya tsufa maganinsa ya ƙare, ko an daɗe ana ciko da ruwan famfo. Motocin da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas sukan zo da kulant ɗinsu na asali, amma da ya ragu sai a bi shi da ruwan burtsatse ko na leda. Ma'adinan cikin ruwan suna daskarewa a bango kamar farin da ke kama cikin butar shayi.

Idan ya yi curi-curi kamar kamu, yana lilo a tsakiyar kwalba, babu maiƙo, to an haɗa kulant iri biyu da ba sa jituwa. Tsohon iri, wanda galibi kore ne, da sinadarin silikat yake kare ƙarfe. Sabon iri mai daɗewa da wasu sinadarai dabam yake aiki, kamar Dex-Cool mai ruwan lemo da kamfanin General Motors ke zubawa tun tsakiyar shekarun 1990, har a Chevrolet Corvette. Haɗa su kan sa maganin ya rabu da ruwan ya dunƙule, balle in iska na shiga ta murfi mai rauni. Launi ba hujja ba ne, rini ne kawai. Abin da littafin mota ya rubuta shi ake bi.

Akwai kuma maganin toshe yoyo da ake saye a kwalba. In ka ga ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli ko zare-zare, shi ne. Tambayi mai motar ko an taɓa zubawa, kuma don me. Amsar takan kai ka wurin asalin ciwon.

Idan baƙin mai ne, ta ina ya bi?

Da yawa suna ganin shayi mai madara sai su ce gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin top silinda da jikin inji, ya ƙone, a sauke top silinda. A yi haƙuri tukuna. Manyan hanyoyi uku ne: na'urar sanyaya mai, gaskit, ko tsagewar top silinda. Ta farkon ta fi arha nesa ba kusa ba, don haka da ita ake farawa.

Ga yadda abin yake. Inji na aiki, matsin mai yana kai bar 3 zuwa 5, na ruwa kuwa bar 1 ne. Mai ke rinjaye, ya kutsa cikin ruwa. Da an kashe inji matsin mai ya faɗi, na ruwa yana nan har sai ya huce, sai ruwa ya rama. Saboda haka zaro sandar awon mai. Idan mai ya ƙaru da kansa ko ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. Kada a tada injin da wannan man, gilaikol yana cinye metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. Amma ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai ba hukunci ba ne, motar da ba ta doguwar tafiya takan tara gumi a nan.

Kwance na'urar sanyaya mai. A Boxster a saman inji take. Toshe ƙofa ɗaya ta ɓangaren ruwa, ka hura iska kamar bar 2 ta ɗayar, ka nutsa ta a bokitin ruwa. Kumfa daga ƙofar mai na nufin ta fashe a ciki. Duba robobin da ke ƙarƙashinta ma.

In ta fita lafiya, sai gwajin hayaƙi. Rage ruwa ya sauka kamar santimita 6 daga bakin tanki. Ɗora kwalbar gwaji mai shuɗin ruwa, inji na aiki ya ɗumama, ka riƙa matsa robar minti biyu. Shuɗi ya koma rawaya, hayaƙin silinda na shiga ruwa. In bai canza ba, gaskit bai kuɓuta ba tukuna, domin yana iya yagewa tsakanin hanyar mai da ta ruwa ba tare da ya taɓa silinda ba. Kwance fulogogi: wanda ya fi 'yan'uwansa haske fes, tururi ne ya wanke shi. Auna kwamfureshan, wato ƙarfin matsin kowace silinda, bambanci tsakanin silindoji kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Sannan ɗaura famfon gwaji a bakin tanki, inji a sanyaye, ka kai shi lambar da ke jikin murfi, kada ka zarce. Allura ta tsaya cak minti 15. In tana sauka kuma babu ɗigo a ƙasa, yoyon na ciki ne.

Wanki

Sai an gyara inda ya fashe. Juye tsohon ruwa. Cika da ruwa mai tsabta da maganin wanke lagireto, ko sabulun da ba ya kumfa idan mai ne. Garin sabulun wanki bai dace ba, kumfarsa tana hana famfon ruwa turawa. Buɗe hita har ƙarshe, tada inji har tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya ɗumama, ya buɗe, ƙara minti 10, kashe, bari ya huce, juye. Mai yakan buƙaci zagaye huɗu ko biyar. Ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid aka ba ka ba.

Matsa kowane tiyo. Mai yana kumbura roba, wanda ya yi laushi kamar biredi a canza shi. Canza murfi da tamostat. Cire tamostat gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi wai don ƙasarmu da zafi, kuskure ne, injin ba zai kai zafin aikinsa ba. In ruwa ya shiga mai, canza baƙin mai da filta tun kafin ka tada inji.

Wajen cikawa, ruwan ɗauraya yakan maƙale a ciki. Don haka fara zuba tsantsar kulant daidai rabin abin da motar ke sha, sannan ka ƙarasa da tataccen ruwa. Mai shan lita 8, tsantsa lita 4. Fitar da iska ta wurin da aka tanada. Mota mai inji a tsakiya an fi cika ta da na'urar zuƙe iska. Ɗan maiƙo na iya tasowa a kwanakin farko, a tsane shi da tsumma. In ƙaruwa yake yi, gyara bai kammala ba.

Tsohon ruwan a jarka mai murfi za a tara. Zaƙi gare shi, yara da awaki da karnuka na iya sha, kuma kaɗan ya isa ya kashe ƙoda.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ɗibar samfur daga sama da kuma ƙasa?
2. Ruwan gwaji bai koma rawaya ba. Gaskit ya kuɓuta ke nan? Bayyana.
3. Mota tana shan lita 18. Tsantsar kulant lita nawa za ka fara zubawa?