Kurakuran da aka fi yi in an je sabon tafkin kamun kifi a Ingila

'Yan uwa da ke nan Ingila masu sha'awar fatsa, akwai tafkunan nan da zaka biya kuɗin tikitin wuni ɗaya ka zauna kana kamun kifi daga safe har yamma, kifayen da ke ciki su ne kaf da tenci da birim da roci, babu tarwaɗa babu karfasa irin na gida. Na sha kai abokai irin wuraren nan kuma kusan kuskure iri ɗaya nake gani ana maimaitawa.

Na farko tun kafin a bar gida ake yinsa. Mutum ya ɗauka tikitin da ya biya a bakin ƙofa ya wadatar, a'a, wancan na mai tafki ne. Akwai lasin na hukumar muhalli, Environment Agency, wanda duk ɗan shekara 13 zuwa sama sai ya mallaka a Ingila da Wales, ana saya a intanet na kwana 1 ko kwana 8 ko wata 12, yara 'yan 13 zuwa 16 kyauta ne amma sai an yi musu rajista. In aka kama ka babu shi tarar tana iya kai fam 2,500. Minti biyar ne a waya, don Allah a yi.

Sai wanda ya fi damuna, wato ɗaukar kifi a kai gida. Mu mun taso in ka kama kifi to na tukunya ne, amma a waɗannan tafkunan kifin dukiyar mai wurin ne, da kuɗinsa ya saya ya zuba, wani kaf ɗin ya shekara ashirin a ruwan har suna gare shi. Ka kama, ka cire ƙugiya, ka ɗauki hoto in kana so, ka mayar da shi. In ka sa shi a leda ba tare da izini ba sata ce a doka, kuma ba kai kaɗai zai shafa ba, duk baƙon da ya zo bayanka da wannan idon za a kalle shi. Shi ya sa ma za ka ga an rubuta sai ƙugiya mara kunne, wato mara ɗan tsinin nan da ke hana ta fita daga bakin kifi, sai ka zo da raga mai sanda ta ɗebo kifi da katifar shimfiɗa shi, kuma ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi saboda yauƙin jikinsa shi ke kare shi daga cuta. Wasu wuraren sai ka tsoma ragarka a ruwan magani ko ka zo da ita a bushe, saboda cutar kaf da ake kira KHV raga mai jiƙa ke ɗaukarta daga wani tafki zuwa wani. Karanta allon dokokin kafin ka sauke kaya, kowane wuri da nasa.

To yanzu maganar kamun kansa. Ranar farko da na je wani tafki kusa da Birmingham, ina fitowa daga mota na zauna a wurin farko da na gani, na wurga can tsakiyar ruwa, har azahar ko motsi babu. Wani dattijo a can ɓangaren yana ta ɗago kifi, na je na gaishe shi, sai na ga ashe ƙugiyarsa ko taku biyu ba ta kai ba daga gaɓa, a gindin wasu ciyayi, yana ɗan watsa ƙwayar masara biyar shida bayan kowane ɗan lokaci. Tun ranar nake barin kaya a mota in zaga tafkin tukuna, ko da minti ashirin ne. Ka duba inda ruwa ya gurɓace alhali sauran ya kwanta, inda ƙananan kumfa ke tasowa a jere, inda ciyawa ke girgiza ba iska, duk kifi ne ke kiwo a ƙasa. Ka duba iska ma, lokacin zafi kifi yakan bi iska mai ɗumi zuwa gaɓar da take bugawa, wato inda iskar za ta riƙa dukan fuskarka, mutane kuwa gudun nan suke. Kuma ka tambayi mai karɓar tikiti, kullum yana wurin, ya san abin da aka kama jiya da abin da aka kama shi da shi, kunyar tambaya ita ke sa mutum ya wuni banza.

Rashin auna zurfi shi ma babba ne. Yawancin kifayen nan a ƙasa suke ci, in ƙoton naka yana lilo sama da su da kamu biyu zaka wuni kana jira. Ka maƙala ɗan nauyin awo a ƙugiya ka sauke, in fulot, wato ɗan abin nan mai iyo a saman ruwa da ake maƙalawa a zare, ya nutse ka matsar da shi sama, in ya kwanta ka sauko da shi, har kansa kaɗai ya rage a waje. Ka auna wuri uku ko huɗu, sau da yawa akwai inda ƙasa ke gangarawa kusa da gaɓa, nan kifi ke bi.

Abinci kuwa, abin da ka zuba ba ka iya kwashe shi. Wasu na isa su juye rabin bokiti wai su tara kifi, sai kifin ya ƙoshi ko ya tsorata. Kaɗan kaɗan ake yi, in suna ci ka ƙara, lokacin sanyi kuwa ka rage sosai don cinsu raguwa yake. Tsutsa da masarar gwangwani da burodi da tana sun isa mai farawa. Naman gwangwanin da Turawa ke yankawa su sa a ƙugiya yawanci na alade ne, ka duba jikin gwangwani ko ka bar shi, masara na yin aikin.

Kayan ma ana yin kuskure, mutum ya zo da ƙatuwar ƙugiya da zare mai kauri kamar zai kamo giwan ruwa. Lamba 16 ko 18 ta tsutsa ce, 12 ko 14 ta masara, lambar tana ƙaruwa ƙugiyar na ƙanƙancewa. In awa biyu ta wuce ba komai kar ka nace, canza zurfi, canza ƙoto, ko ka tashi gaba ɗaya.

Sannan kar ka yi saurin naɗe kaya. Da yamma in jama'a sun watse sun zubar da ragowar abincinsu a bakin ruwa, manyan kaf sukan matso gaɓa har ka ga jelarsu a waje, ka rage buga ƙafa da surutu ka sauke ƙugiya nan kusa. Ka dai tambayi ƙarfe nawa ake rufe get tun da safe, ka kuma nemi wuri mai tsafta da zaka yi la'asar ba tare da ka bar sanda a ruwa ba, don barin sanda ba mai kula haramun ne a dokarsu, kaf ɗaya zai iya janye ta cikin ruwa.