Babi na 6: Hayaƙin Sigari da Mai Ciwon Asma

Iyayena da yayyena, mu karanta a hankali, in kalma ta yi wuya a sa yatsa a kanta a sake, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Me hayaƙi ke yi wa ƙirji?

Asma ita ce wadda muke kira fuka. Iska na shiga huhu ta wasu ƙananan hanyoyi ne kamar tsinken kara mai rami, to mai asma hanyoyinsa ba sa son a taɓa su, da hayaƙi ya shiga sai su kumbura su tsuke, majina ta taru, sai ka ji ƙirji na fito kamar usur, ga tari musamman da dare. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki na jawo ciwon daji. Mai asma da ke shan taba kuwa, ko inhelar kariya, wato 'yar na'urar maganin asma da ake shaƙa kullum, ba ta yi masa aiki yadda ya kamata.

Darasi na 2: A fita waje

Nan ne kowa ke faɗuwa, don haka za mu daɗe. Wanda bai sha ba amma yana zaune kusa, shi ma yana shaƙa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan hayaƙin na kashe sama da mutum miliyan 1 duk shekara, mutanen da ko kara ɗaya ba su kunna ba. Yara sun fi cutuwa don hanyoyinsu ƙanana ne kuma sun fi mu saurin numfashi.

To mai shan sigari ya fita waje. Waje gaba ɗaya, ya rufe ƙofa a bayansa.

Tsayawa bakin taga ba fita ba ce. Kunna fanka ba fita ba ce, fanka raba hayaƙin take yi kowa ya samu rabonsa. Shiga ɗayan ɗakin ma ba fita ba ce, yana bi ta ƙarƙashin ƙofa. Ku maimaita: ina za a sha? Waje. Madalla, kun ga kun iya.

Amma wallahi duk ajin da na koyar sai an samu mai cewa ai malam idan yaron ya tafi makaranta nake sha. Haba Baba! Shinshina labulen, shinshina matashin kai. Wannan warin ragowar hayaƙin ne da ya manne, yaron zai dawo ya kwanta a kai. Na faɗa na sake faɗa, kuna gyaɗa kai kuna komawa kuna yin abin da kuka saba. Waje. A mota ma haka, ko an sauke gilashi. In an dawo a wanke hannu a cire rigar sama kafin a ɗauki yaro.

Rubuta da hannunka sau 3: Zan fita waje.

Darasi na 3: Idan ciwon ya tashi

A fitar da mai asmar daga hayaƙin, a zaunar da shi, kar a kwantar. A girgiza inhelar gaggawa, yawanci shuɗiya ce, ya fitar da numfashi tukuna, sannan ya danna yana ja a hankali ya riƙe kamar daƙiƙa 10. In ya kasa ƙarasa magana ko leɓensa ya sauya launi, asibiti yanzu yanzu.

Darasi na 4: Shisha

Ita ma hayaƙi ce, ruwan ba ya tace gubar. A koma darasi na 2.