Yadda za ka bi da labarai lokacin rikici

Jama'ar Gombe, mun ga yadda ake katse sadarwa lokacin rikici a maƙwabtanmu, a 2013 da aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa an datse layukan waya, a 2021 aka yi wa Zamfara haka, shekarar ce ma aka rufe Twitter har wata bakwai. To tun yanzu ka ajiye ƙaramar rediyo da batir a gida, ka rubuta lambobin 'yan uwa a takarda.

In hoto ya shigo guruf wai an kai hari wani ƙauye, don Allah kar ka tura tukuna, ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne ko ma na wata ƙasar. Sanarwar hukuma kuwa ka saurara amma ka gwada da abin da BBC Hausa da DW da RFI suka kawo, domin lokacin yaƙi kowane ɓangare nasararsa yake faɗa ya ɓoye asararsa. Bidiyon 'yan ta'adda kam goge shi kawai, tsoro suke son shukawa kuma kai ne za ka yaɗa musu kyauta.

Sannan layinka yana haɗe da NIN ɗinka, duk abin da ka wallafa da sunanka yake tafiya, kuma an sha kama mutane da dokar laifukan intanet ta 2015. WhatsApp yana kulle saƙo ta yadda wani a tsakani ba zai iya karanta shi ba, amma a guruf mutum ɗaya ya isa ya ɗauki sikirinshot. Inda ka ga sojoji sun yada zango kuwa kar ka taɓa rubutawa, rayukan mutane ne.